Jirgin Wasan Da Ya Raba Ni Da Karatuna

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko da yake na san wasu dariya za su fara yi kafin su tausaya mini. Lokacin da abin ya faru ni ɗalibi ne a wata jami'ar Musulunci a Khartum, ina shekarar ƙarshe a fannin shari'a, zamanin mulkin soja. Mahaifina malami ne mai makaranta a garinmu, ni ya zaɓa cikin 'ya'yansa ya tura Sudan don in dawo da takardar shahadar kammala karatu in karɓe shi ya huta. Ƙarfinsa ya ja baya, idonsa ma haka. Ni kuwa tun ina yaro ba abin da ke ɗauke mini hankali kamar inji. Ba na cikin daƙiƙan aji, amma Allah ya sani zuciyata tana wani wuri.

Wata rana na shiga kasuwar Suk al-Arabi neman takalmi, sai na ga jama'a sun yi da'ira a ƙofar wani kanti. Mai kantin yana tashin wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, yana sarrafa shi da rimot mai doguwar eriya. Jirgin ya tsaya cak a iska kamar an rataye shi. Ban sayi takalmi ba ranar, jirgi na rungumo na koma ɗaki. A hannun mai kanti abin kamar shan ruwa, a hannuna kuwa tashin farko ya kife ya karya fiffike. Na biyu ya daki bango. Sandunan rimot biyu ne, ɗaya na tashi sama da juya wutsiya, ɗaya na gaba da baya da gefe, kuma dole yatsunka su yi aiki tare ba tare da ka kalle su ba. Batirin ba ya daɗewa, ga wuta ba kullum ba. Ka yi yini kana jiran caji don ka yi ɓarna ta ɗan lokaci.

Mai gyara mini ɓarnar wani dattijo ne Bahaushe ɗan Omdurman, mai walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu sana'ar hannu, muna ce masa Ammu, wato baffa. Can aka haife shi, kakansa ne ya zo a ƙafa kan hanyar Makka ya zauna. A gidansa mu ɗaliban Najeriya da Nijar muke cin abincin Juma'a. Shi ya ɗaura wa jirgin sanduna biyu a gicciye a ƙarƙashi don ya daina kifewa, ya ce in fara koyon tsayar da shi daidai gwiwa, wutsiyarsa tana kallona, kada in yi garajen hawa sama. Amma duk gyaran da zai yi sai ya haɗa mini da faɗa, da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Yakan ce ya zol, wato kai bawan Allah, nan ba ƙasarku ba ce, a nan ko hoton gada ka ɗauka sai ka yi bayani, kuma duk abin da ya tashi sama in ba tsuntsu ba ne to na hukuma ne. Ni kuwa sai in yi dariya in ce Ammu tsoro ya yi maka yawa, abin wasan yara ne fa.

A unguwar Aljirif na fara koyo, bakin kogi wajen masu gasa bulo. Na ɗan samu hannu, har ina iya tsayar da shi daidai kaina. Sai dai ma'aikatan bulo sun mai da ni abin kallo, jirgi na faɗuwa za su saki aiki su hau tafi da shewa. Ni da nake ganin kaina malami, abin ya riƙa ƙona mini rai. Na shiga neman inda ba idon kowa, har na sami wani fili shimfiɗaɗɗe mai tsabta a gefen wata doguwar katanga da ba rubutu a jikinta. Na ji daɗi ƙwarai. Ban tsaya na tambayi kaina ba, ta yaya a gari mai cunkoso irin Khartum za a sami fili haka, ba masu ƙwallo, ba mai sayar da shayi, ko akuya ba ta kiwo a cikinsa. Duk ɗan gari ya san dalili, ni kaɗai ne ban sani ba.

Da la'asar ce. Na tashe shi sama fiye da yadda na saba, sai iska ta juya shi hancinsa ya fuskance ni. Duk mai koyo ya san wannan tarko, in jirgi ya fuskance ka damansa ya koma hagunka. Na sani a kai, amma yatsuna ba su sani ba. Na tura shi don ya nisanci katanga, shi kuwa ya nufe ta, na ƙara turawa a rikice, ya haye ya faɗa ciki. Da na juya na kama gabana, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma tarbiyyar gida ta bi ni, a garinmu in kazarka ta shiga gidan maƙwabci sallama kake yi ka karɓo abarka. Na zagaya har ƙofa, rimot a hannuna eriya a miƙe, na yi sallama cikin ladabi, na ce da masu gadi tayyarata ce, wato jirgina, ta faɗo musu. Sai da na ga bindigogi sun ɗago na gane ko ina nake, harabar jami'an tsaro ce.

Ba zan faɗi duk abin da na gani a hannunsu ba. Tambayoyin ba sa canzawa, wa ya aiko ni, ina na'urar ɗaukar hoton, da wa nake magana da wannan eriya. Na rantse na maimaita cewa wasa ne. Babbansu ya ce bai taɓa ganin mai gemu, ɗalibin shari'a, yana wasan yara ba, in nemi wata ƙaryar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiyar tawa ko ni da kaina in na ji ta sai ta yi mini kama da ƙarya. Ammu ya yi ta zarya, kullum a ce masa gobe. Da suka gane shi ke gyara jirgin, shi ma sai da ya sha tambaya, har aka nemi ya kawo shaidar shi ɗan ƙasa ne, mutumin da kabarin kakansa ke Omdurman.

Bayan makonni aka sake ni, amma an soke izinin zamana, jami'a kuma ta cire sunana, jarrabawar ƙarshe saura 'yan watanni. Ammu ne ya kawo mini jakata filin jirgi. Bai yi mini gori ba, ya ce malesh, wato in yi haƙuri, Allah ya ƙaddara, in gai da malam. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi ta neman a mai da ni ko a ba ni takardar shekarun da na yi, ba a ko amsa mini ba. Yau gyaran janareta nake yi a bakin kasuwa, makarantar mahaifina kuwa tana hannun wani da ba jininmu ba.

'Yan uwana masu zuwa karatu ƙasar wasu, sha'awa ba laifi ba ce, amma in ɗan gari ya ce ku bar abu, ku bari ko ba ku ga dalili ba. Kada kunyar dariyar mutane ta kai ku inda ba mutane. Ni ban ga ranar da wannan baƙin ciki zai bar ni ba. A garinmu da yawa sun ɗauka siyasa ce ta sa aka koro ni, har wasu na girmama ni a kan haka, ni kuma na yi shiru. Mahaifina kaɗai na faɗa wa gaskiya, a zaurensa, kaina a ƙasa. Can ya tambaye ni a hankali, shin shi jirgin dai na iya tuƙa shi. Na ce masa a'a, ban iya ba. Bai sake yi mini maganar ba har Allah ya karɓi ransa.