Ba Su Hanya

Shekarun baya, cikin tsakiyar damina, na yi wata tafiyar ƙasa da mahaifiyata wadda har yau in na tuna ta sai in ji ƙafafuna sun yi nauyi. Jiya wani ɗan acaɓa ya kusa watsa ni cikin kwata a nan Kankara, ko waiwaye bai yi ba, shi ya tuno mani da ita. Bari in ba ku labarin, ko na ɗan rage abin da ke raina.

Da sassafe aka kira ni a waya daga ƙauyen su Inna, can bayan Yankara. Ɗan kawuna ne. Ya ce jikin Baba, wato kawun nawa, ya tsananta, kuma tun jiya ba abin da yake faɗi sai a kira mashi ƙanwarsa. Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi da mahaifiyata, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu har ya aurar da ita. Ban gama faɗa mata ba ta jawo mayafi. Ranar ko buɗe shagona ban yi ba, muka nufi tasha. Buri ɗaya ne a ranta, ta tarad da yayanta da rai.

Mun sha girgiza a mota kafin mu kai Yankara, muka kuma faɗa ranar kasuwa. Na zagaya wurin 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ambaci sunan ƙauyen sai ya kaɗa kai. An kwana biyu ana ruwa, hanyar ta zama taɓo, rafi kuma ya kawo. Wani ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Alhaji, da wannan farar shaddar za ka shiga can? To Allah Ya ba da sa'a." Ban je Makka ba, shaddar ce ta jawo mani Alhajin. Kafin in juyo, Inna ta ɗaure ɗan ƙunshinta ta kama turba.

Wanda bai san turbar ƙauye da damina ba, 'yar siririyar hanya ce, faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, dawa da masara sun rufe ta dama da hagu har sun fi kai tsawo. Ga shi ranar kasuwa. Duk mutanen ƙauyukan nan sun ɗauro kaya suna fitowa, mu kaɗai ne muke shiga. Ba mu yi nisa ba muka yi kiciɓis da mata ɗauke da ƙoren nono.

"Kai wannan, ba su hanya," in ji Inna.

Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, "kai wannan" ne sunana a bakinta. Na matsa gefe na taka bisa kunya, sai ji na yi ƙaras, karan masara ya karye ƙarƙashin takalmina. Ta harare ni.

"Cikin kwari ake tsayawa, ba bisa kunya ba. Abincin wani ne ka taka."

Kwarin nan, wato ramin da ke tsakanin kunya da kunya, cike yake da ruwa da laka. Na dubi takalmina na zuwa ɗaurin aure, na dubi Inna, na sauka. Ruwan ya shige har cikin safa. Matan suka wuce, ita kuwa tana cewa, "Sannunku da kaya, a sauka lafiya."

Haka fa muka wuni. Ƙa'idarta ɗaya ce, marar kaya shi ke kauce wa mai kaya, mu kuwa ba mu ɗauko komai ba sai ɗan ƙunshin nan. Mai keke da buhu biyu a baya, ba shi hanya. Mai jan awaki, ba shi hanya, ka kuma jira akuyar ta gama gardamarta. Masu itace, masu kaji a akurki, mai tabarmi. Mu yi taku kaɗan, mu sauka kwari, mu hau, mu sake sauka. Mai kaya ba ta jan shi da gaisuwa, sannu ɗaya ce ta sallame shi, ta ce wuyansa na ciwo. Amma in dattijo ne hannu sake, to sai ta rusuna. Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, ruwa ya yi gyara, yaya mutan gida. Ni kuwa ina tsaye cikin laka ina cizon leɓe, ina ɗaga waya sama ko Allah zai sa in samu layi. Babu ko ɗigo.

Can gaba muka tarad da wani tsoho ya jingina buhun ɗanyar masara da kututture, yana haki. Ya sauke ne don ya huta, ɗauka kuma ta gagara. Ya ce, "Samari, taya ni aza." Wallahi na yi niyyar in yi kamar iska ta ɗauke maganar. Ina waigawa na ga Inna ta aje ƙunshinta ta kama kunnen buhu ɗaya da hannunta. To ina zan sa kaina? Na ce ta saki, na rungumi buhun nan jiƙe sharkaf, na aza mashi. Ya gyara gammo, ya sa mani albarka har da ta 'ya'yan da ban haifa ba. Shaddar kuwa daga nan ta tashi daga fara.

Da ya wuce na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, don Allah. Kawu fa jiranmu yake. In muka biye wa kowa, sai la'asar."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na fi ka sanin wanda ke jirana."

Sai a lokacin na lura duk inda hanya ta ɗan yi sarari, sauri take har ina haɗawa da ɗan gudu kafin in cim mata, tsohuwar da a gida sai ta dafa bango take tashi. Leɓunanta motsi kawai suke. Ashe ta fi ni gaggawa nesa ba kusa ba, kawai dai ba ta iya ture mutum ta wuce ba ne. Tausayinta ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba.

A rafi ma haka. Wuri ɗaya ne ruwan ke tsayawa iya gwiwa, kuma mata sun jeru daga wancan ƙetare, kowace da kaya a ka, suna lallaɓa ƙafa. Na naɗe wando zan faɗa, ta riƙo rigata. Ta ce in na shiga yanzu ruwan zai motsa, wata ta zame, nonon da ta kwana biyu tana tarawa ya bi rafi. Muka zauna bakin gaɓa har suka gama. Ban taɓa sanin mutum zai iya gajiya da zama ba sai ranar.

Bayan mun haye, muka zo wata gonar gyaɗa. Ana ganin sawun mutane ya ratsa tsakiyarta, amma an jibge reshen ƙaya a bakin wurin. Wani mai keke da muka kauce wa ya ce in muka yanke ta nan, yanzu za mu ɓulla bayan gari, turba kuwa zagaye take. Raina ya yi fari. Na kai hannu zan janye ƙayar.

"Bar ta inda ka gan ta," in ji Inna.

"Inna, kowa fa nan yake bi. Dubi sawu."

"Shi ya sa mai gona ya sa ƙaya. Ya yi magana ke nan, sai dai in ba ka son ji."

"Lalura ce fa. Ko shi ya ji dalili zai yafe."

"Yana nan ka tambaye shi?"

Ba ya nan. Muka bi zagaye. A raina na ce yau na ga ta kaina, wannan baiwar Allah ko gobara take gudu sai ta tsaya ta gaida mutane.

Rana ta take tsaka lokacin da muka fara jin kukan jakunan ƙauyen. Masu fita kasuwa sun yi sauƙi. Ƙafata ta yi bororo, cikina ba komai sai kokon safe. Sai na hango maza sun ɓullo daga kwanar dawa, a jere, suna tafe da sauri. Na farkon hannunsa sake, na biyu ma haka, ba mai ko sanda. Na ce alhamdu lillahi, yau dai ga ranarmu. Na gyara tsayuwa tsakiyar turba.

"Inna, waɗannan kam su za su ba mu. Ba su da kaya, kuma ke ce babba."

Ta tsaya cak tana kallon bayansu. Ta riga ni ganin abin da ban gani ba, don ita fuskokin take dubawa, ni hannuwa nake dubawa. Sannan ta ce, a hankali, da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Suna da kaya. Sauka. Ba Yaya hanya."

Sai ga makara ta ɓullo bisa kafaɗu, an lulluɓe ta da tabarma. Wanda ke riƙe da gaba ɗan kawuna ne, wanda ya kira ni da safe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na sauka kwari ba. Inna ta riga ni, ta tuɓe takalmanta ta tsaya cikin ruwan nan, ta kuma kula ba ta taɓa dawar mutane ba. Ɗan kawuna ya gan ta, ƙafarsa ta sarƙe, ya ce, "Gwaggo," ya yi kamar zai sa a tsaya. Ta ɗaga mashi hannu.

"Kada ku tsaida shi saboda ni. Ku wuce."

Turbar ba faɗi, don haka makarar ta bi ta gabanta dab da fuskarta, har gefen tabarmar ya shafi mayafinta. Ba ta yi kururuwa ba. Hawaye ne kawai ke zuba. Na ji ta ce, "Ga ni na zo, Yaya. Allah Ya jiƙan ka. Ka sauka lafiya."

Da suka gota ta juyo gare ni. "Me kake tsaye? Bi su ka kama. Ni na san hanyar gida." Mata ba su zuwa maƙabarta, don haka ta hau turba ita kaɗai, takalmi a hannu, ta nufi cikin gari.

Na bi su a guje, wani ya matsa mani na sa kafaɗa. Maƙabartar na can gefen hanyar da muka baro, sai da muka ɗan koma baya. Lokacin waɗanda suka yi sammakon kasuwa sun fara dawowa. Abin da na gani a wannan ɗan taƙin shi ne bai bar ni ba har yau. Tun daga nesa mutane ke sauka. Wani ya tura kekensa cikin taɓo har rabin taya, ya tsaya riƙe da shi. Wata mata da tulin kaya a ka ta sauka kwari da baya da baya, ruwa har ƙauri. Ba wanda muka roƙa, ba wanda ya tambayi ko wane ne. Ni da na wuni ina ƙunƙuni a cikin kwarin nan, ga ni a sama da nauyi a kafaɗa, ga hanya a buɗe. Da mutum ɗaya ya tsaya mana a tsakiya, ban san yadda za mu yi da kawu ba. A nan kukan ya zo mani, ba a bakin kabari ba.

Mun yi kwana uku muka dawo. Har yau ban tambayi ɗan kawuna da wane lokaci Baba ya cika ba. Ya taɓa ɗauko zancen, na kawar da shi. In ya ce tun muna mota ne, to gaggawata ta banza ce. In kuma ya ce muna bakin rafi ne, ban san inda zan aje wannan ba. Gara in zauna haka.

Sau ɗaya na taɓa yi wa Inna maganar, bayan an kwana biyu, tana tsince wake a tsakar gida. Na ce, "Inna, da mun yanke ta gonar gyaɗar nan fa?"

Ta ce, "Da mun ɓulla ta bayan gari, shi kuwa ya fita ta gaba. Da na tarad da shimfiɗa ba kowa." Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ƙara da cewa, "Ya kira ni, na zo, mun gamu. Ban taka kowa ba a hanya."

Ba zan ce maku tafiyar nan ta mai da ni mai haƙuri ba, matata na karanta wannan, za ta ƙaryata ni. Har yanzu ina tsaki in an tare mani hanya. Kuma gaskiya na gaji da yadda muka koma, kowa kansa a ƙasa, kowa shi ne mai uzuri, mai mashin na danna wa tsohuwa oda kamar zai bi ta kanta. Ita turbar ma yanzu ba kowa ke bin ta ba, kun dai san halin da yankinmu ya shiga. Amma ko a lungun kasuwa ne na hango mutum tafe, ƙafata kan sauka gefe kafin in yi shawara da ita. Na daina duba hannun mutane in yanke cewa ba su da kaya, tun ranar da na yi haka kawuna yana bayansu.