Ɗan Bokon Dada

Malam Bakari ne na farko a gidansu da ya shiga firamare. Ubansa, makiyayi a bayan Kwadon, bai so ba. Ya ce tun kakanni, boko na nufin jabu, abin da ba na gaske ba. Bakari ya jure har ya zama malamin lissafi a Pantami, cikin garin Gombe. Zuwa lokacin sunan ya yi daraja: ɗan boko shi ne mai karanta wa mutane wasiƙa. Mahaifiyarsa Dada ba ta kiransa sai da "ɗan bokona".

Da 'yan bindiga masu yaƙi da boko suka fara kashe malaman makaranta, sai ya daina riƙe jaka, yana goge allin hannunsa kafin ya fito titi.

A farkon 2015, kwana uku bayan sun kutso Gombe ta hanyar Kwadon, ya je ɗauko Dada. A hanyarsu ta dawowa daga Kwadon, a shingen shiga gari aka sauke fasinjoji, kowa hannu sama. Wani soja da ba ya jin Hausa ya tsare Bakari yana lalube shi. Dada, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta ɗaga murya.

"Ku ƙyale shi! Ɗan boko ne, kowa ya sani!"

Kalma ɗaya sojan ya kama: boko. Ya ɗana bindiga. Bakari ya zube kan kwalta, bakin bindigar a ƙeyarsa. Katin aikinsa na aljihu, amma ya san in ya motsa hannu ya mutu. Turancin da yake koyarwa da shi shekara ashirin ya ɓace masa.

Wata fasinja, Hilda, ma'aikaciyar jinya, ta tako a hankali. Da Turanci ta ce, "Oga, nufinta ya yi makaranta. Ni ma haka suke kirana."

Sojan ya zaro katin da kansa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi musu nuni su wuce.

A mota Dada ta ce, "Me na faɗa, Bakari?"

"Ba komai, Dada."

Bai taɓa gaya mata ba har ta rasu a gidansa bayan shekara biyu. Ya ci gaba da koyarwa. Gonar gidansu ta Kwadon kuwa ya bar wa ƙaninsa, bai sake bin hanyar ba.