Jan Barsim a Bayan Gidanmu

A bayan gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ƙasarsa kuwa ba a magana: yashi ne da ɓaraguzan siminti da magina suka bari. A wannan fili na ɗora burina shekarar da Baba ya daina cin abinci.

Tsufa ya kama shi, bakinsa ya mutu. A kawo shinkafa ya ture, a kawo dafaffen waken ful ya kau da kai. Abu ɗaya yake ambato, miyar ɗanyar yakuwa irin wadda mahaifiyarsa take tsinkowa a bayan ɗaki tun suna ƙasar Hausa. Busasshiya ta kasuwa bai ɗauke ta yakuwa ba. Na shuka a bokitin fenti a saman bene, rana ta ƙone. Na shuka a filin nan, ta fito kamar zare ta kwanta.

Ƙanena, da yake aikin lambu a gidajen unguwar Shisha, ya ce ƙasar ce ba rai. Ya kawo mini irin wata ciyawa dangin barsim ɗin da ake ba tumaki, sai dai furenta ja ne.

"Yaya, ki shuka idan sanyi ya shigo," in ji shi. "Da ta yi fure ki sare ta ki binne a cikin ƙasar. Ita ce takin. Kar ki bari ta yi iri."

Na sha wahalar ciyawar nan. Ruwan alwalar gidan kaf a baho nake tara shi, in ɗauka in zuba safe da yamma, bayana kamar zai tsinke. Ta fito, ta rufe ƙasa, ta yi fure jawur. Baba da ba ya fita tsakar gida ya fara sa a kai masa kujera can bayan sallar asuba.

Ranar da na fito da fartanya, ya ɗaga sandarsa ya tare ni.

"Me za ki yi?"

Na yi masa bayani.

"A cikin Harami? Ba a yanke ciyawar Makka, 'yar nan. A nan aka haife ki, sai na tuna miki?"

Na ce Baba, wadda ta fito da kanta ce aka hana, wannan ni na shuka da hannuna. Ya sa aka matso da kujerar, ya nuna wasu siraran ciyayi da suka tsiro a tsakiya. Ya tambaye ni, su fa, ni na shuka su? Ba ni ba ce. To ta yaya fartanya za ta bambance?

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce zan bi da almakashi in kauce musu. Ya ce binnewar fa? Na tura ƙanena ya tambayi limamin unguwa, ya dawo da amsar da ta goyi bayana. Baba ya saurara tsaf, ya ce Allah ya ƙara wa liman ilimi, amma a gidansa ba za a yi ba. Na shiga kicin na yi kukana, don shi nake yi wa duk wannan, shi ne kuma ya tsaya a gaba.

Zafi ya shigo. Furen ya dushe, ciyawar ta bushe a tsaye, iri ya zube. Na dafa masa busasshiyar yakuwa, ya kai cokali ɗaya baki ya ajiye.

"Wai ina wadda kika ce za ki shuka mini?"

Na ɗauke kwanon na fita, don abin da ke bakina ba na faɗa wa uba ba ne.

Na ƙudurta cewa wani sanyin zan sake, in tsince kowace baƙuwar ciyawa tun ba ta fito sosai ba, ko ya gani ko bai gani ba. Kafin in sayo iri aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Da safe bayan 'yan kwanaki na leƙa, sai ga filin ya yi kore, irin bara da ya zube ya tashi da kansa.

A lokacin Baba ya rame har sai mun riƙe shi mu biyu. Muka zaunar da shi, ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi.

"To wannan kam," ya ce, "ba ke kika shuka ba."