Saiwoyin da Ta Bari

Daga tagar ɗakin gwaji, ma'aikaciyar tana hangen wani dattijo a ƙarshen benci. Kowa ya zo da ɗan rakiya, shi kuwa sandarsa ce kaɗai ke jingine da shi. Rigarsa wankakkiya ce amma ba guga, an ɗinke maɓallin wuyanta da baƙin zare, irin ɗinkin wanda bai saba riƙe allura ba. Bini-bini sai ya miƙe ya nufi banɗaki, ya dawo yana cije leɓe, hannu dafe da mara.

Da layi ya zo kansa, ya ajiye 'yar kwalbar fitsarinsa, sannan ya kwance wani tsohon ɗankwali. Busassun saiwoyi uku ne a ciki.

"'Yata, ku haɗa da wannan ku auna. In yana kashe ƙwayar cutar, ku faɗa mini."

"Baba, mu fitsarin kawai muke dubawa. Saiwar wace bishiya ce?"

"Ai mai ɗakina ce ta sani. Shekara arba'in, duk lokacin da sanyin nan ya taso mini, ita ke dafawa. Ina sha ina mitar ɗaci, ban taɓa tambaya ba."

Ma'aikaciyar ba ta tambayi inda matar take ba, ta riga ta gane. Ta sassauta murya ta ce ya dawo jibi, likita zai rubuta masa magani.

Dattijon yana ɗaure ƙullinsa a hankali.

"Su ke nan suka rage. Kullum sai na ɗora ruwa, in ya tafasa kuma in sauke."