Takardar Umma a Ƙasan Akwati

Ban taɓa faɗa a nan ba: ni na zaro takardar diflomar Umma daga ƙasan akwatinta, na kai wa Anti Rabi, maƙwabciyarmu a Zaitawa mai aiki a jami'a.

Na ce, "Anti, sai ta zauna jarrabawa da yara?" Kunyar hakan ce ta hana Umma komawa karatu.

Anti ta yi dariya. "Mai sakamako irin wannan aji biyu ake ɗaukarta kai tsaye. Ta cike fom."

Da na sanar da Umma sai ta ce, "Ɓarauniya, to wa zai yi tuwon dare?" Amma har yau ba ta mayar da takardar akwati ba.

Ni dai na fara koyon tuƙin tuwo. Yayyena, yaya ake hana tuwo gudaji?