Tafinta Tsakanin Likita da Surukina

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gaban surukina ba. In na hango shi a hanyar gona, can ƙauyenmu kusa da Abu Hujar a Sudan, nakan durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Da fitsari ya fara yi masa wuya, likitocin Sinja suka tura shi Khartum, can aka ce cutar daji ce a ƙululun da ke ƙasan mafitsara, kuma irin aikin da yake buƙata sai Masar. 'Ya'yansa maza suna tsakiyar girbin riɗi, sai rakiyar ta faɗo kaina.

Larabcin Sudan yana bakinsa, amma na Masar gudu yake yi masa a kunne, don haka da muka isa can ni na zama tafinta. Likita ya juyo mana da hoton cikin jikinsa, an zana masa layuka da ɗige-ɗige. Kowane ɗigo, in ji shi, wurin da allura za ta shiga ne ta ajiye 'yar ƙwaya kamar ta shinkafa, mai ƙona cutar daga ciki. Ya daɗe yana matsar da ɗigo guda don ya kauce wa hanyar fitsari. Sannan ya faɗi ta inda alluran za su bi, tsakanin ƙafafu.

"Mi yac ce?" in ji tsohon.

Na sunkuyar da kai. "Baba, ya ce... ta ƙasa."

"Ƙasa ina? Ƙahwa?"

Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Yaro, jikin nawa na. Hwaɗa min duka." Na faɗa masa duka. Sai ya tambaya ko zai iya sujada bayan aikin. Likita ya ce ƙwarai.

An yi aiki lafiya. Sharaɗin da ya fi damunsa shi ne kada ya ɗora ƙaramin yaro a cinya sai bayan wani lokaci, don ƙwayoyin da aka sa masa suna iya cutar da yaron. Da muka dawo gida, 'yata, jikarsa da yake kira amaryarsa, ta sheƙo da gudu. Ya tare ta da sandarsa yana dariya, ya ce an sa masa wuta a ciki, ta jira wutar ta huce. Ta yi fushi, ta koma bakin zaure ta zauna. Kullum da safe sai ya ɗaura dabino a bakin sandar ya miƙa mata daga kan gadonsa. Takan karɓe, ta juya masa baya, ta cinye.