Motar Dillalin Hatsi da Direban da Aka Zarga

A duk shekarun da na yi ina kanikanci a Ƙofar Guga, ban taɓa mantawa da ranar da wani Alhaji, dillalin hatsi a Babbar Kasuwa, ya kawo mana motarsa ba. Bara waccan ne, bayan babbar salla. Shi da direbansa, Malam Sada, suka fito ba mai kallon wani.

Motar lafiya lau take gudu a babbar hanya, amma da an shigo gari an rage gudu sai injin ya riƙa ɗagawa yana sauka da kansa, ana taka burki ta mutu.

Alhaji ya ja ni gefe ya ce ai ya san ciwon: Sada ke zuƙe man kirki yana cikawa da gurɓataccen na 'yan bumburutu. Tabbaci kawai yake so daga bakina ya sallame shi. Malam Sada kuwa ya raɗa mani cewa tun sabis ɗin da na yi wa motar kwanakin baya abin ya fara, wato yana ganin tsofaffin fulogai na wanke na mayar. Ni ma ban sake da kowa cikinsu ba.

A ƙa'idarmu, abin da ake zargi ake fara dubawa, a gaban mai mota. Na zuƙo mai a kwalba, ga shi garau, ba warin kananzir. Na kwance fulogai na miƙa wa Sada, sababbi ne. Sai na tayar da inji na kasa kunne, na ji wani siririn huci. Na bi tiyon da ke kai wa inji iska, sai ga huji a ƙarƙashinsa, iska na shiga fiye da ƙima.

"Alhaji, ina motar nan ke kwana?"

"Gindin sito."

"To ɓera ne. Ga shatin haƙoransa."

Alhaji ya daɗe yana jujjuya tiyon, sannan ya tambaya ko wuƙa za ta iya yin haka. Malam Sada na tsaye, ya ji.

Na canza tiyo, injin ya daidaita. Sada ya kai Alhaji gida, ya miƙa mashi makulli, bai sake komawa aikin ba. Yanzu haya yake yi zuwa Jibiya.

Shi ya sa nake gaya maku, ku masu koyon kanikanci, kada bakinku ya riga hannunku. Mota kan zo mana da zargi a cikinta, kuma abincin wani na iya rataye a kalma ɗaya ta bakanike. Inji muna gyara shi, amma yarda in ta huje ba mu da kayanta.